Ranar da Tsofaffi Sunka Ja Ni Daga Rijiya

Kai Lawali, sake faɗin abin da ka ce in ji da kunnena. "Se fasil," ko? Wai abu ne mai sauƙi, yasar rijiya sauka ce da hawa, a ɗaure mutum a zura shi kamar guga, ya kwaso laka ya fito. To madalla. Ajiye wayar nan ka zuba min shayin, na biyun nake so, na farkon ya fi ƙarfin cikina yanzu. Ku ma sauran ku turo baburanku cikin inuwa, babu fasinjan da zai fito cikin ranar nan. Ni Arzika tun ban yi gemu ba nake shiga rijiyoyin Arewa, daga nan Dogon Dutsi har Kore Mairuwa, har bakin iyaka. Yau ga gemun ya yi fari fat, kuma ban taɓa ganin wanda ya sauka ko gaba biyar ya fito yana cewa se fasil ba.

Rijiyar farko da na tsaya a bakinta da sunan aiki ta wani ƙauye ce kusa da Kore Mairuwa, ina bayan maigidana Baba Nomau, Allah ya jiƙansa. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ba ya dariya sai ya fito daga rami. Na ɗauka ranar zai zura ni. Ina! Igiya ya miƙo min, ya ce in bi ta da yatsu daga wanga kai zuwa wancan, in gaya masa inda ta gaji. Na bi, na ce lafiyarta lau. Ya karɓa, ya lanƙwasa ta a wani wuri, sai ga kabar tana tsinkewa sili-sili. Ya ce, "Nan ne da ka mutu." Rani biyu na yi ina tufkar igiya, ina shanya ta, ina naɗe ta, ina ɗaukar kaya a ka, ban ga gindin rijiya ba sai daga sama.

Kayan aikin ba su da yawa, jaki ɗaya ya ɗauke su. Igiya biyu, ɗaya ta mutum, ɗaya ta guga, kuma ba a haɗa su ko da wasa. Guntun itace mai ƙwari da ake ɗaurawa a kan igiyar mutum ya zauna a kai. Gajeren dagi, don dogo ba ya juyuwa a can ƙasa. Ƙwarya ta kwasar laka, gugan roba, da fitilar ƙwai. Fitilar nan ba don gani ba ce kawai. Kafin mutum ya sauka ita ake fara zurawa, in ta kai ƙasa tana ci, kai ma za ka yi numfashi. In ta mutu, sai a yanko rassan dogon yaro a ɗaura a igiya, a yi ta zurawa ana jawowa har iskar ciki ta sauya. Baba Nomau shi cewa yake doguwa ce, aljanar rijiya, ke kashe fitilar, kuma ba ya sauka sai ya duƙa a bakin rijiya ya gaishe ta, ya nemi izini. Ni bisimilla nake yi. Amma ban taɓa yi masa dariya ba, don mutumin da ya shiga rijiyoyin da ya shiga ya mutu a kan tabarmarsa ba abin dariya ba ne.

Ranar da ya yarda in sauka, kafin ya ɗaura min itacen zama sai ya ja ni ya tsayar da ni gaban samarin garin da sunka yi layi a kan igiya. Ya ce in dubi kowa a ido in tambayi sunansa. Na yi, ina jin nauyi, su ma suna murmushi. Sannan ya ce, "Mai yasa kayan aiki yake zuwa da su, ba ya zuwa da masu ja. Wanda uwarsa za ta sha ruwan, shi ke riƙe ka." Haka al'adar take tun kakanni. Ba a ɗauko baƙo ya riƙe igiyar mutum, don baƙo in igiya ta ci masa hannu zai saki. Dabba ba ta jan mutum, sai dai laka, don jaki bai san an girgiza masa igiya ba, sa kuwa in ya firgita sai ya maka ka da itacen bakin rijiya. Mace kuma ba ta taɓa igiyar yasa. Ba wai don ba ta da ƙarfi ba, matan Arewa da ke jan guga tun suna 'yan mata sun fi wasu mazan ƙarfin hannu. A'a, abin kunya ne ga mazan gari a ce rijiyarsu ta lalace har sai da iyayensu mata sunka fito. Na gaba a layi shi ake ce wa mai kan igiya, shi ne ke jin motsinka, shi ke ba da umarni. Wancan lokacin rigima ake yi a kan wa zai tsaya wurin. Makaɗi na gefe, 'yan mata na kallo, kowane saurayi na so a ga damtsensa. Ka girgiza igiya sau ɗaya, kafin ka gama salati ka ga rana.

Mata ne ke fara sanin rijiya ta lalace, ba maigari ba. Su ke ganin guga na fitowa rabi, ruwan ya yi ja, yashi na kwanciya a gindin tulu. Sai sun hana mazansu sakat da mita kafin a aiko a kira mu. Bayansu Fulani masu shanu, su kuwa ba sa son dogon zance, aiki kawai. Abin da na fitar daga cikin rijiyoyi kuwa, in na ce zan faɗa sai magariba: gugunan da sunka tsinke tun zamanin kakan wani, takalma, akuya da ta kumbura, kwanon sha, yanzu kuma har wayoyi irin taka, Lawali. A nan cikin gari akwai wani dattijo Kirista mai lambu, Malam Bulus, duk lokacin da zan shiga rijiyarsa sai ya cire hula ya tsaya a baki yana addu'a har in fito, kuma 'ya'yansa maza ne ke kan igiya, al'adar nan ba ta bar kowa ba.

To ga inda abin ya fara lalacewa. Rijiya ba a yashe ta da damina, sai da rani, lokacin da ruwa ya ja baya har mutum ya iya tsayawa a gindi. Lokacin nan kuwa shi ne daidai lokacin da kuke watsewa. Da can ma ana zuwa cin rani, ban ce ba a zuwa ba, amma gida mai samari huɗu biyu ke tafiya biyu su zauna. Yanzu ana gama ɗaure dammunan hatsi kowa ya rataya jaka, wasu Ikko, wasu Kwatano, wasu wajen haƙar zinari, wasu nan tasha a kan babur. Manyan garuruwa an yi musu foraj, wato rijiyar burtsatse, da famfo, Allah ya saka, amma ƙananan ƙauyuka har gobe rijiya ce. Ka shiga ƙauyen da rani, in kawuna za ka duba gari cike yake: lakwal, makarantar boko, ta cika har ana karatu a rumfar zana, bakin gidan likita mata masu goyo da tsofaffi sun yi layi tun safe. In hannuwa za ka duba, babu kowa. Masu sha sun ƙaru, masu ja sun tafi.

Shekarar da ruwan sama ya ɗauke, hatsi na cikin fitar da kai, ku duka kun san ta, ba sai na tuna muku ba. Shekarar nan ba samari kaɗai sunka tafi ba, har magidanta masu furfura a gemu. Cikin bazara wani maigari ya yi min waya daga wani ɗan ƙauye bayan Ɗan Kassari. Sunan garin ba zan faɗa ba, kada wanda ya tambaye ni. Ya ce gindin rijiyarsu ya cika da yashi, kuma ita kaɗai gare su. Na hau kabu-kabu da kayana har Ɗan Kassari, daga can amalanke ta ƙarasa da ni.

Yara ne sunka tarbe ni, ma sha Allah, kamar an zazzage su daga buhu. Na wuce su na tarar da Maigari a gindin bishiya da dattawan gari. Shi kansa ya haura sittin, kuma a cikinsu shi ne yaro. Munka gaisa, anka kawo tabarma. Muna cikin gaisuwa sai ga wata tsohuwa ta doso mu da ƙwarya a hannu, doguwa siririya, ta ɗaura zane a ƙirji. Kafin ta iso Maigari ya miƙe, ya zare takalmansa, ya koma bayan bishiya ya duƙa, kansa a ƙasa. Sai na gane surukarsa ce, uwar matarsa. An ce tun da ya auri ɗiyarta bai taɓa faɗin sunanta ba, bai taɓa cin abinci ko shan ruwa a gabanta ba, in ta biyo hanya shi sauya hanya yake. Bari in ce da ita Inna Gwamma.

Ta ajiye ƙwaryar gabana ta ce, "Mai rijiya, sannu da zuwa. Ga ruwan baƙo."

Na duba. Wallahi kunun kanwa ya fi shi haske. Ta ce, "Da kallabina na tace shi har sau biyu. Shi jikokina ke sha, cikinsu ya ƙi tsayawa. Matan da ke da sauran ƙafa tun asuba suke kora jakuna da jarkoki zuwa wani gari, ba sa dawowa sai la'asar, abin da suke kawowa kuma ba ya kai mu safe."

Na ce, "Inna, in Allah ya yarda za a gyara." Na juya wajen Maigari na ce, "Ranka shi daɗe, a tara min samari gobe da sassafe, in ga masu ja."

Dattawan sunka dubi juna. Wani mai ido ɗaya ya yi 'yar dariya ya ce, "Ai ga mu."

Na ɗauka wasa ne. Da na ga ba wasa ba ne sai raina ya ɓaci, ni kuwa kun san bakina. Na ce, "Haba Maigari! Ku kira ni tun daga Dogon Dutsi, rijiya mai gaba talatin da wani abu, ku ce waɗanga ne za su riƙe ni? Kun haifi 'ya'ya kun cika gari, kun sake su sun watse, ba wanda ya iya tsawata wa ko ɗaya ya zauna ya kula da ruwan da uwarsa za ta sha? Wane irin iyaye ne ku?" Na faɗi wanga, na faɗi wanda ya fi shi.

Inna Gwamma ta ɗauki ƙwaryarta, ta tsaya ta dube ni. Ta ce, "Ɗana, kai 'ya'yanka maza nawa?"

Na ce biyu.

Ta ce, "Allah ya raya. Suna ina?"

Kai! Da ƙasa za ta tsage da na shige. Babban yana Ikko yana tura baro, ƙaramin yana can arewa cikin ramin zinari, rabon da in ji muryarsa an kwana biyu. Ba wanda ya taɓa riƙe min igiya a cikinsu. Ba ta jira amsa ba, ta juya ta tafi. Na zauna ina kallon tabarma. Can na ce wa Maigari, "A cika min buhu da yashi gobe, daidai nauyina."

Da sanyin safiya munka kafa gwafanni biyu a bakin rijiya, munka gitta itace, na ɗaura buhun yashin a igiyar mutum na zura shi har ƙasa. Dattawan sunka yi layi, Maigari ne mai kan igiya. Na bi su ɗaya-ɗaya na tambayi sunayensu kamar yadda anka koya min. Na ce su ja. Sunka ja, suna nishi, suna tafiya da baya, buhun ya fito. Mai ido ɗayan ya bugi ƙirji ya ce, "Ka gani? Mu ne samarin jiya." Anka yi dariya, ni ma na yi. Na zura fitila, ta kai ƙasa tana ci. Na yi bisimilla na zauna a kan itace.

Saukar da mutum ba wuya, ana naɗa igiya a turke ne ana saki kaɗan-kaɗan. Na taka gindi, laka ta kama ni har gwiwa. In ka ɗaga kai daga can, bakin rijiya bai fi faifai ba. Na kama aiki, ina cika guga ina girgizawa, jaki ɗaya da anka bari a gari yana ja. Jakin nan kuwa haƙarƙarinsa duk a waje, hantsi bai gama ɗagawa ba ya durƙushe ya ƙi tashi. Ban sani ba, ina ƙasa. Na dai ga guga na ci gaba da hawa, sai dai a hankali. Ashe dattawan ne sunka koma jan laka da hannunsu, cikin ranar bazara, mutanen da tun safe ba abin da ya shiga cikinsu sai ruwan kunu. Ba wanda ya leƙo ya gaya min, don kada in ce zan fito aiki bai ƙare ba. Buhun da sunka ja da safe, da ƙarfin safe sunka ja shi. Wannan ne ni da su duka ba mu lissafa ba.

Wajen azahar dagina ya huda wata laka mai tauri, sai na ji sanyi ya taso min a tafin ƙafa. Idon ruwa ya buɗe. Duk mai yasa ya san daɗin lokacin nan. Na ci gaba da share masa hanya, ruwa na tasowa, ya wuce gwiwa, ya kama cinya. Sai na lura fitilar da na rataye a ƙusa ta ƙanƙance, harshenta ya yi shuɗi. Kaina ya fara sarawa, kunnuwana na ƙara. Lakar da na tona ce ta saki mugunyar iskar da ke kwance ƙarƙashinta. Na haye itacen zama, na zagaya igiya a ƙirjina na ƙulle, na girgiza ta da duk ƙarfina.

Na ji an ja. Na tashi kamar gaba biyar, sai anka tsaya. Anka sake ja, anka tsaya. Rijiyar ta siminti ce, santsi gare ta, babu inda zan sa yatsan ƙafa in rage musu nauyi, kuma ƙafafun ma sun daina jin maganata. Ga riga da wando sun sha ruwa da laka. Sai na ji igiyar ta zame, na yi ƙasa fuu, ta sake cijewa, har haƙorana sunka haɗu. Fitilar da ke ƙasana ta mutu. Daga sama ina jin ihun yara da muryar Maigari yana cewa, "Ku riƙe! Don Allah ku riƙe!" Na yi kalmar shahada. Abin da na ji na ƙarshe muryar mata ce, suna ba da sauti tare irin na masu daka in sun haɗu a turmi ɗaya, kuma da kowane sauti sai in ji na ɗaga.

Na farfaɗo a kwance a gefen rijiya, kuncina a kan yashi mai zafi, ƙirjina kamar an ɗora dutse. Da idona ya washe, igiyar na fara gani, ta miƙe a ƙasa har can nesa, kuma har lokacin ba wanda ya sake ta. Dattawa biyu na zube, ɗaya na amai. Tsakanin sauran duk tsofaffin mata ne, wasu da kallabi naɗe a hannu. A gaba, wurin mai kan igiya, Inna Gwamma ce tsaye. Zanenta yana ƙasa, an tattake shi cikin laka. Ba komai a jikinta sai wani ɗan tsohon fatari. Bayanta, taku ɗaya, Maigari ne, surukinta, ya riƙe igiya da hannu biyu, ya runtse ido gam, ya kau da fuska, hawaye na bin gemunsa. Duk namijin da ke wurin haka ya yi, kowa fuskarsa na wani gefe.

Ta ce, "Ya fito?"

Wata ta ce, "Ya fito, Inna, yana numfashi."

Ta ce, "To ku saki."

Sannan ta buɗe hannuwanta, fatar tafin duk ta saluɓe. Ta duƙa ta ɗauki zanen, ta kakkaɓe shi, ta ɗaura, ta bi hanyar gidanta ba ta waiwayo ba. Ni kuwa na mayar da fuskata cikin yashi. Na so a ce ban farfaɗo da wuri haka ba.

Daga baya mai ido ɗayan ya ba ni labarin yadda anka yi. Lokacin da igiya ta zame, jan dattawan ta yi a ƙasa tana kai su bakin rijiya. Inna Gwamma na zaune can gefe da sauran tsofaffi suna kallo. Ta taso da gudun da ba wanda ya san tana da shi, ta shige gaban Maigari ta cafke igiyar, ta ƙwala wa matan kira. Wani dattijo ma har ya buɗe baki zai ce mace ba ta taɓawa, ta dube shi, ya sake damƙar igiya. Suna cikin ja igiyar ta goge mata ƙirji ta kwance ɗaurin zanen. Wata ta ce, "Inna, zanenki!" Hannu ɗaya kawai za ta saki ta kama shi. Ta ce, "Ku ja!" Haka ta yi ta tafiya da baya, a gaban surukinta, a gaban jikokinta, a gaban mazan da sunka girma suna duƙa mata, har kaina ya bayyana.

Washegari ruwa ya kwanta, ya yi garau, guga na fitowa a cike. Matan da ke zuwa ɗiba wani gari sunka yi ta guɗa. Anka aiko min fura daga gidan Inna Gwamma, an dama da sabon ruwan. Na kurɓa sau ɗaya na ajiye ƙwaryar. Da zan tafi na je ƙofar gidanta, na cire takalmi na duƙa, na yi sallama. Ba ta fito ba. Daga cikin ɗaki ta amsa.

Na ce, "Inna, ni ne mai rijiya. Zan koma."

Ta ce, "To ɗana, ka gai da gida. Ruwan ya yi daɗi. Allah ya dawo maka da naka lafiya."

Shi ke nan abin da ya shiga tsakanina da ita. Na ji labarin daga ranar ba ta sake zuwa bakin rijiya ba, ba ta sake zama a taron biki ko na suna ba, sai dai a same ta a ɗaki, har Allah ya karɓi abinsa. Maigari kuwa in mun haɗu a kasuwa gaisawa muke, kowa na kallon ƙafarsa. Na sha faɗuwa a aikin nan, na karye a hannu, ƙasa ta taɓa rufe ni har wuya, duk ina ba da labarinsu ina dariya. Wanga kam kunyarsa ba ta sake ni ba. Ƙato da ni, mai gemu, wanda ya gama zagin mutane a kan 'ya'yansu, da mutuncin tsohuwa anka fanshi raina.

Da ruwan farko ya sauka, samarin garin sunka dawo da jakunkunansu da rediyoyinsu da sababbin takalma. Sunka tarar da rijiya cike, sunka sha, sunka yi wanka, sunka ce kai, bana rijiyarmu ta yi kyau. Ba wanda ya gaya musu komai. Dattawa da matan garin sun haɗa baki a kan haka, har yaran anka ja wa kunne. Shi ya sa na ce ba zan faɗi sunan garin ba, sunan da na ba tsohuwar ma ba nata ba ne. Amma ina duban fuskokinku ɗin nan, na san uban kowa, na san ƙauyen kowa, kuma a cikinku akwai wanda ya yi wanka da ruwan nan. Kada ku dubi juna, ba zan nuna shi ba.

Karɓi kofinka, Lawali, shayin ya huce. Jibi an kira ni wata rijiya wajen Kore Mairuwa, na tambayi maigarin ko akwai masu ja, ya yi shiru a waya, na kuwa san irin shirun nan. Al'ada ta ce baƙo ba ya riƙe igiya, to al'adar ta riga ta faɗi cikin laka a gabana, ba ni da bakin kare ta. Ban ce kowa ya sauka ba, ni zan sauka da tsufana. Mutum shida nake nema, yini ɗaya, ku jingine baburan. Ba na so in sake buɗe ido in tarar da uwar wani a kan igiyata.